Suna haddace ƙwayoyin cuta, ba su taɓa ganinsu ba

An dawo daga tara, rana ta fara dukan kwanon rufin aji. Yara sun haura tamanin a ɗakin da aka gina don arba'in, na gaba huɗu-huɗu a benci, na baya a ƙasa da littafi a kan cinya. Malam ya juya musu baya yana zane da guntun alli. Ya zana wani kewayayye, ya zana wani dogo, ya zana wani mai jela. A ƙarƙashin kowanne ya rubuta suna da Turanci, sannan ya jero cututtuka biyar da hanyoyin kariya biyar.

"Ku kwafa," in ji shi. Minti ashirin ba ka jin komai sai motsin takarda da tarin wani yaro can a lungu. Da suka gama ya tambaya, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Yes sa!" Aka kaɗa ƙararrawa.

Shi ke nan an gama darasin ƙwayoyin cuta na wannan zango. Duk wanda ya zauna a ƙaramar sakandaren gwamnati a Kano ko Katsina ko Gusau ko Bauchi ya san wannan ɗaki. Ɗan makaranta a Maraɗi ko Damagaram ma ya san shi, sai dai nasa rubutun da Faransanci ne.

Yaron da ya kwafi rubutun nan zai iya mayar da shi a jarrabawa ba tuntuɓe. Amma ko ya yarda, har cikin ransa, cewa akwai abu mai rai a ruwan randar gidansu wanda idonsa ba ya gani, kuma abin nan na iya kwantar da ƙaninsa cikin dare ɗaya? A nan gizo ke saƙar.

Shekarun da annoba ta fi kama

Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, kuma babu jihar da ta ji jiki kamar Kano. Waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar sun haura 20,000, waɗanda suka rasu sun haura 1,000. Mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara 15 ba, akasari ba su samu cikakken rigakafi ba.

Kafin wannan, a 2021, amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe fiye da 3,000, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na sahun gaba. A 2017 sanƙarau ya ci rayuka fiye da 1,000, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A duka biyun, alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC sun nuna cewa 'yan shekara 5 zuwa 14 ne suka fi kamuwa.

Wato su waɗannan yara da ke kwafar zanen malam, su ne mutanen da ake magana a kansu. Cutar da ke kan allo ta riga ta shiga unguwarsu, wasu ma ta ɗauke musu aboki.

Akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. Yara da yawa, musamman mata a karkara, daga aji uku na ƙaramar sakandare karatun boko ke tsayawa. Wannan darasi shi ne na ƙarshe da wani zai taɓa tsayawa ya yi musu bayanin hanta da huhu da jini. Yarinyar da ke zaune a ƙasa yau, nan da 'yan shekaru ita ce za ta yanke shawara da tsakar dare ko a dama wa jariri ruwan gishiri da sukari ko a jira gari ya waye. Ita za ta buɗe wa masu rigakafi ƙofa, ko ta ce maigida ba ya nan.

Mun ga abin da rashin yarda ke jawowa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jitar hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin cutar sankarar bakin mahaifa, irin wannan jita-jita ta sake tasowa. Allurar a damtsen 'yar aji biyu ake yin ta, amma da wuya ka sami malamin da ya zauna ya bayyana mata abin da ke cikinta da yadda garkuwar jiki ke koyon gane abokin gaba.

Laifin ba na manhaja ba ne kaɗai

A takarda, manhajar da hukumar NERDC ta tsara ba ta da laifi sosai. An sauya wa darasin suna daga Integrated Science zuwa Basic Science, an yi masa kwaskwarima fiye da sau ɗaya, kuma kullum akwai tsafta da cututtuka da rigakafi, akwai narkar da abinci da numfashi da zagayawar jini da fitar da ƙazanta. Har an rubuta ayyukan da yara za su yi da hannunsu.

Malamai kuwa suna da nasu uzuri, kuma ba na ƙarya ba ne. Za su ce maka minti 35 ko 40 ne, yara sun ninka ƙa'ida, ba ɗakin gwaji, ba kayan aiki, wani lokaci alli ma daga aljihunsu yake fitowa. Za su ce in mai duba makarantu ya zo, abin da yake tambaya shi ne ko an cike littafin shirin darasi kuma an kai inda jadawali ya ce. Jarrabawar kammala aji uku kuwa mafi yawanta zaɓi ne tsakanin amsoshi, wanda ya haddace ya wuce. Ga kuma wanda Hausa ko zamantakewa ya karanta a kwalejin ilimi, aka ce ya riƙe kimiyya don babu wani.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jihohi su kawo nasu kason su karɓa. Shekara da shekaru ana kukan biliyoyin naira na zaune ba a ɗauka ba. Inda aka ɗauka kuma, bulo da fenti ake fara gani, abin da yaro zai taɓa da hannu ya zo a ƙarshe.

Kano ta san amfanin kimiyya tun da daɗewa. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Amma zaɓaɓɓu suke ɗauka, bayan an gama ƙaramar sakandare. Sauran dubban da ba za su taɓa taka ƙofarsu ba, su ma jiki gare su.

Sai batun harshe. Yaron da bai gama iya haɗa jimlar Turanci ba, an ɗora masa sabon harshe da sabon ilimi lokaci ɗaya, sai ya ajiye fahimta ya kama hadda. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife a shekarun 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen Yarabanci tsawon firamare sun fi takwarorinsu fahimtar darussa, kuma Turancinsu bai gaza ba. Malamai nagari sun daɗe da sanin haka ba tare da wata takarda ba: su yi bayani da Hausa har abin ya zauna, sannan su ba da sunan Turanci don jarrabawa. Bai kamata malami ya riƙa yin wannan a ɓoye kamar mai laifi ba.

Abin da ke cikin ƙwaryar nono

Ana yawan cewa ba a koyar da wannan darasi sai da ɗakin gwaji. Ni ban yarda ba, ko da yake ɗakin gwaji haƙƙin yaran ne. Matan gidajenmu sun daɗe suna kiwon ƙananan halittu, suna kuma sarrafa su da gwaninta.

Bafulatana ta tafasa madara, ta bar ta ta huce, ta zuba ɗan tsohon nono a ciki, ta rufe ƙwarya. Da safe ya kama, ya yi tsami. Ɗan abin da ta zuba cike yake da bakteriya masu rai, su ne suka ci sukarin madarar suka mayar da shi tsami. Mai daddawa ta dafa kalwa, ta sussuke, ta wanke, ta sake dafawa, ta lulluɓe ta kwana biyu ko uku a wuri mai ɗumi. Wannan zafi da wari da danƙo da ke tasowa aikin wasu bakteriya ne. Ƙullun waina da ke kumbura, da gasarar koko, da burodi, su ma aikin ƙananan halittu ne.

Malamin da ya fara daga nan ya ci rabin yaƙi, don babu yaron da zai yi musun nono. Kofi biyu na dafaffiyar madara, ɗaya a zuba masa cokalin kindirmo, ɗaya a bar shi. Ko robar ruwa da ɗan yis da sukari da ruwan ɗumi, a ɗaura balan-balan a bakinta. Kafin a tashi darasi balan-balan ta fara miƙewa, yara na turereniya su gani. Sai tambaya ta fito daga bakinsu: wa ya hura ta?

Yankan burodi uku ma sun isa. Na farko a saka shi a leda da cokali mai tsafta, na biyu a taɓa shi da hannun da aka wanke da sabulu, na uku ya zaga hannun yaran da suka dawo daga ƙwallo. A ɗaure ledojin, a rataye a bango. Cikin mako guda funfuna za ta fara magana, kuma galibi na ukun ne ke fara baƙi da kore. Sharaɗi ɗaya ne: ba a buɗe ledar, a ɗaure za a zubar da ita.

Daga nan lissafi ya shigo. Bakteriya guda, in ta sami ɗumi da abinci, tana iya rabuwa biyu duk bayan minti 20. A sa yara su riƙa ninkawa a littafi: 2, 4, 8, 16. Cikin awa 7 sun wuce miliyan 2. Sai yaro ya gane da kansa dalilin da ya sa mahaifiyarsa ke ɗumama miya kafin ta kwanta, da dalilin da ya sa ɗumame sai ya yi zafi har ciki. Ya kuma ji cewa yawan bakteriyar da ke jikin mutum lafiyayye ya kai yawan ƙwayoyin jikin nasa, mafi yawansu a hanji, suna taimaka masa.

Ragon layya da teburin mahauci

Sassan jiki sun fi sauƙi. Yaron Bahaushe ya riga ɗan birnin Turai ganin cikin dabba. Kowace Babbar Sallah yana tsugune ana feɗe rago, shi ke riƙe ƙafa, shi ake aika da kayan ciki wajen mata. Ya san hanta da saifa da ƙoda, ya san in matsarmama ta fashe nama ya yi ɗaci. Abin da ba a taɓa yi masa ba shi ne a haɗa wannan sani da zanen da ke cikin littafi.

Huhu da zuciyar akuya daga mahauta ba su fi ƙarfin makaranta ba. A sa famfon keke a maƙogwaro a hura, huhu ya buɗe ya yi haske, a saki ya koma. A tsaga zuciya, yara su ƙirga ɗakuna huɗu, su taɓa su ji yadda bangon hagu ya fi na dama kauri, don shi ke tura jini har tafin ƙafa, na dama kuwa huhu kawai yake kaiwa. A miƙe igiya mai tsawon mita 6 a tsakar aji a ce ga tsawon ƙaramin hanjin babban mutum. Kowa ya dafa wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15 ya ninka sau 4, a zaga fili da gudu, a sake ƙirgawa.

Tumbin rago kashi huɗu ne, na mutum ɗaya. Wannan bambanci ma darasi ne, don a cikin tumbin nan ƙananan halittu ne ke narkar wa rago ciyawar da mu ba za mu iya ci ba.

A haɗa cuta da inda take ɓarna

Babban kuskuren da ake yi, a ganina, shi ne raba darussan biyu. Ƙwayoyin cuta a wannan zango, sassan jiki a wata shekara, ba mai ɗinke su. Alhali kowace cuta da yaro ya sani ƙofa ce ta shiga wani sashe na jiki.

Amai da gudawa darasin hanji ne. Ƙwayar na shiga ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta zauna a ƙaramin hanji, ta saki dafin da ke sa hanjin kwararo ruwa maimakon tsotsa. Rashin ruwan ne ke kisa, wani lokaci cikin awoyi. Hanji kuwa yana jan gishiri tare da sukari, ruwa ya bi su, shi ya sa haɗin nan na ruwan gishiri da sukari ke ceton rai. Likitoci a Dhaka da Kalkata suka tabbatar da wannan a ƙarshen shekarun 1960. Wanda ya fahimci dalilin ba zai ce ai ruwa ne kawai, a kawo allura ba.

Mashaƙo darasin numfashi ne da jini: ƙwayar na yin wani tantani a maƙogwaro da ke toshe iska, dafinta kuma ya bi jini ya taɓa zuciya. Zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya, daga hanta yake farawa, sannan ya shiga jajayen ƙwayoyin jini yana fasa su. Daga nan ake samun rawar sanyi, daga nan kuma ake jin an ce yaro sai an yi masa ƙarin jini.

A nan ne kuma ya kamata a yi maganar kafso, wato maganin kashe bakteriya. Yara ne ake aika kemis a sayo na ɗari biyu don mura. Mura bairos ne ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi. Shan guda uku a bari kuwa yana taimaka wa ƙwayoyin da suka tsira su gagari magani. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 wannan gagara ta kashe mutum sama da miliyan 1 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Tsoron iyaye

Iyaye da yawa ba su da matsala da huhu da hanta. Inda hankalinsu ke tashi shi ne babin balaga da haihuwa. A 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhaja, a 2023 kuma gwamnatin Kano ta hana amfani da wasu littattafai, har da na kimiyyar ƙaramar sakandare, bisa zargin suna ɗauke da abin da ya saɓa wa tarbiyya. Ma'aikatan lafiya na cewa shiru ma yana da nasa haɗari, don yarinya na iya ganin jinin al'ada na farko ta ɗauka cuta ce.

Damuwar iyaye abar saurare ce. Amma malaman Islamiyya suna karantar da haila da janaba da wanka ga yara masu waɗannan shekaru cikin mutunci, ba wanda ya ce sun ɓata tarbiyya. Malama mace ga 'yan mata, malami namiji ga maza, iyaye su san abin da za a faɗa tun kafin a faɗa. Abin takaici shi ne malamin da tsoron rigima ya sa ya tsallake babin gaba ɗaya.

Haka nan ba dole ne darasin ƙwayoyin cuta ya yi karo da imani ba. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ta hana shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka, ta yi umarni a rufe abinci da abin sha da dare, a wanke hannu in an tashi daga barci. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Ibn al-Nafis, likitan da ya rayu a Dimashƙa da Alƙahira a ƙarni na 13, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu ɗaruruwan shekaru kafin William Harvey ya wallafa nasa bayanin a 1628. Malamin da ya shiga aji yana yi wa maganar kaka dariya don ta ce iska ce ko sammu, ya rasa yaron tun kafin ya fara.

Makarantar da ba ruwa

Wanke hannu da sabulu na rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Yaro zai rubuta haka, ya fita ya zaga bayan katanga don bayin makaranta ya cika ko babu shi, ya dawo ya sayi awara ya ci. Lokacin korona an ga bokitai masu famfo a ƙofar makarantu, yau ka neme su ka rasa. Jarka da igiya da sanda sun isa a haɗa abin wanke hannu da ake takawa da ƙafa, yaran ma za su iya haɗawa da kansu. Sabulu da ruwan da za a zuba kullum kuwa aikin kwamitin gudanar da makaranta ne da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma abu ne da ya kamata ya shiga kasafinsu kamar yadda alli ke shiga.

Ido a kan madubi

Duk da haka, gani ya kori ji. Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya fara ganin ƙananan halittu a shekarun 1670, ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, da hannunsa yake goge gilasansa. A 2014 Manu Prakash da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fito da Foldscope, madubin ƙara girma da ake naɗewa daga takarda, wanda kayan haɗa shi ba su wuce kimanin dala ɗaya ba, yana ƙara girman abu sau 140. Ba ya nuna bairos, bakteriya ma da ƙyar. Amma zai nuna ɗakunan ɓawon albasa, da zaren funfuna, da halittun da ke iyo a ɗigon ruwan kududdufi. Ma'aikatar ilimin da ke iya raba dubban kujeru za ta iya raba guda goma-goma ga kowace makaranta, ta kuma horar da malaman, tunda wasunsu ma ba su taɓa leƙa madubin ba a kwaleji.

Kafin a kai ga haka, akwai hanyar da ba ta jiran kwangila. Kusan kowane babban asibitin ƙaramar hukuma na da ɗakin gwajin jini da madubin likita, ana duba zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da shi. Jami'in wurin na iya ajiye tsohon gilashi da aka riga aka rina, ba sunan kowa a kai, ya saita shi, yara su shigo goma-goma su leƙa su ga ƙwayar zazzaɓi kwance cikin ƙwayar jini. Abin da ake buƙata takarda ce daga shugaban makaranta zuwa ga shugaban asibiti, da izinin iyaye, da zaɓen yammacin ranar da ba ta kasuwa ba, lokacin da layin marasa lafiya ya ragu.